Yadda A Ke Zaɓen Kayan Kwamfuta Masu Jituwa Da Juna

Jawabin da Jami'in Watsa Labarai ya yi wa hakimai da malamansu a Bakura

Ni yaro ne a gabanku, in na yi kuskure a gafarce ni.

Abin da ya tara mu yau shi ne zancen kwamfutar tebur. Kun sani takardun gonaki, da na sulhu, da rahoton da a ke aika wa fada, duk a hannun malamanku su ke, ga shi kuwa takarda ba ta da abokan gaba kamar gara da ruwan sama. Saboda haka ofisoshi da yawa sun ƙudura su mallaki kwamfuta. Wanda kuɗinsa kaɗan ne yana iya sayen kayanta ɗai-ɗai, a kai wa gwani ya harhaɗa. Wannan hanya tana da sauƙi, amma tana da sharaɗi guda: tilas kowane kaya ya jitu da ɗan'uwansa. Manomin Bakolori ya san in injin ban ruwansa ya lalace, ba kowane ƙarfe a ke ɗaura masa ba, sai wanda lambarsa ta dace. To, haka kwamfuta ta ke.

Kafin a taɓa kuɗi, a fara tambaya, wane aiki za ta yi? In rubutun wasiƙu ne, da lissafi, da ajiyar sunaye, matsakaiciya ta wadatar. Kada a bari mai kanti ya ɗora muku kayan masu wasanni, gama tsadarsu ba ta ƙara wa wasiƙa kyau.

Kaya na farko shi ne furosesa, watau ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin duka. Kamfani biyu ne su ka shahara da ƙera ta domin kwamfutar tebur, Intel da AMD, dukansu na Amurka. Kowace ƙwaƙwalwa tana da irin gurbin da ta ke zama a ciki. Gurbin AM4 na AMD ne, ya fito a 2016, sa'an nan AM5 ya biyo baya a 2022. Gurbin LGA1700 na Intel ne, ya fito a 2021. Ƙwaƙwalwar wannan ba ta shiga gurbin wancan, ko da an yi mata dole. Har wa yau a lura da harafin da ke ƙarshen suna. Core i3-12100 tana iya fitar da hoto a fuskar kwamfuta da kanta, amma 'yar'uwarta mai harafin F a ƙarshe ba ta iyawa. Haka Ryzen 5 5600G tana iyawa, Ryzen 5 5600 kuwa sai an saya mata katin hoto dabam. Mutum ya ga rangwame ya ɗauko, ya zo gida ya kunna, fuska ta tsaya baƙi ƙirin. Araha ba ta ado.

Na biyu shi ne babban allo, wanda masu sana'ar ke kira mazabod. A kansa a ke dasa sauran kayan duka. Lalle sunan gurbin da ke jikin kwalinsa ya zama daidai da na ƙwaƙwalwar, harafi da harafi. Akwai kuma wani tarko. Waɗansu tsofaffin alluna na AM4, kamar masu lamba B450, ba su gane Ryzen ta jerin 5000 sai an sabunta musu ɗan umarnin da ke cikinsu, wanda a ke kira BIOS. A tambayi mai kanti ko an yi wannan, in ba a yi ba ya yi a gabanku.

Na uku shi ne RAM, watau wurin da kwamfuta ke shimfiɗa aikin da ta ke kai a wannan sa'a, kamar teburin malami. Iri biyu su ka fi yawa a kasuwa, DDR4 da DDR5. A ido sun yi kama, amma tsagin da ke gindinsu ba wuri ɗaya ya ke ba. Allon AM4 ba ya karɓar kome sai DDR4, na AM5 kuwa sai DDR5. Allunan LGA1700 sun rabu biyu, waɗansu na wannan, waɗansu na wancan, sai an karanta kwali. RAM ta kwamfutar cinya gajera ce, ba ta shiga irin wannan allo. Gigabait 8 zai yi aikin ofis, 16 ya fi, kuma sanda biyu masu girma ɗaya sun fi sanda guda sauri.

A nan zan ba ku labarin abin da na gani da idona. Wani malami aka aika birni da kuɗin ofis. Ya sayi allo a kanti guda, ya ga RAM mai rangwame a wani, ya haɗa ya komo. Da ta ƙi shiga sai ya danna da ƙarfi, gurbin ya tsage. Masu kanti su ka ce ba su karɓar abin da aka fasa. Kuɗin jama'a ya salwanta, shi kuwa ya sha zargin da bai cancanta ba, har aka riƙa raɗa cewa ya ci. Bai ci kome ba, rashin tambaya ne ya ja masa. Ku riƙe wannan: abin da ya ƙi shiga da lalama, ba wurinsa ba ne.

Na huɗu shi ne rumbun ajiya, inda takardu ke kwana bayan an kashe wuta. A sayi irin wanda a ke kira SSD, domin ya fi tsohon faifai mai juyawa sauri nesa ba kusa ba. Akwai mai igiya da a ke kira SATA, akwai kuma siriri mai suna M.2 wanda a ke sokawa a jikin allo, sai a duba ko allon yana da gurbinsa. Mai gigabait 256 ko 512 ya ishi ofishin hakimi. Duk da haka a riƙa kwafe muhimman takardu a wani wuri dabam, gama rumbu guda yana iya ƙonewa.

Na biyar shi ne tukunyar wuta, wadda ke rarraba lantarki ga kayan duka. Ko za a yi tsimi a ko'ina, ban da nan, domin in ta lalace takan tafi da sauran. Wutar ƙasarmu bolt 230 ce. Waɗansu tsofaffin tukwane suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. In yana kan 115 aka jona, nan take za ta ƙone. Ga kwamfutar da ba ta da katin hoto, mai wat 400 zuwa 450 ta ƙwarai ta isa. A ware kuma kuɗin UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta 'yan mintoci in an ɗauke wuta, har malami ya adana aikinsa.

Na shida shi ne akwatin da za a zuba su. Allo yana da girma uku: ATX babba, Micro-ATX matsakaici, Mini-ITX ƙarami. Ƙaramin allo yana zama a babban akwati, amma babba ba ya shiga ƙarami. A zaɓi mai fanka da wurin shan iska, saboda zafin bazara da ƙurar hunturu irin tamu, a kuma ɗora shi bisa tebur, kada a ajiye shi a ƙasa.

Sauran magana biyu game da kayan hannu. Da yawa daga cikin tsofaffin kwamfutocin ofis na Dell da HP suna da allo da tukunyar wuta na kansu, waɗanda ba su jituwa da na kasuwa. In za a saye su, a saya ɗungum, kada a farke su domin haɗi. Sa'an nan kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa ba ta amince da ƙwaƙwalwar Intel da ta girmi zubi na 8 ba, sai 'yan kaɗan. Kada a sayi abin da kwanansa ya ƙare.

To, ranku ya daɗe, ga roƙona. Kada hakimi ya sa hannu a fitar da kuɗi sai malami ya kawo takarda guda mai ɗauke da kayan nan shida, kowanne da cikakken sunansa da lambarsa. A nuna ta ga wanda ya san aikin, ko cikin malaman kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara, ko wani amintacce. In an je Gusau ko Sakkwato ko Kano, ya fi kyau a sayi kayan a kanti ɗaya, a harhaɗa a kunna a gaban mai saye, a karɓi rasit mai lambobin kaya da sharaɗin mayarwa. Matambayi ba ya ɓata, kuma dukiyar jama'a amana ce a wuyanmu duka.

Allah ya ja zamaninku, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, amin. Haza wasalam.