Matsalar Riƙon Ƙarfe a Kafaɗa Wajen Tsugunon Gaba



Gabatarwa

Wannan lacca ta shafi wani ƙaramin ɓangare ne na wasan ɗaga ƙarfe, amma ɓangaren da yakan kori mutane da yawa daga wasan tun ba su yi nisa ba. Abin da ake nufi shi ne wahalar da mai koyo yake sha wajen ajiye sandar ƙarfe a gaban kafaɗunsa, a gindin wuya, sa'an nan ya tsuguna da ita ya miƙe. Wannan motsi shi za a riƙa kira tsugunon gaba, don a bambanta shi da tsugunon baya, wanda ake ɗora sandar a bayan wuya. Wurin da sandar take zama kuwa za a kira shi kanta, domin aikinsa ɗaya da na kantar ɗaki: a aza mata kaya ta riƙe.

Koke-koken masu koyo ba su wuce uku ba. Wani ya ce wuyan hannunsa kamar zai karye, wani ya ce sandar tana shaƙe shi, wani kuma ya ce da zarar ya yi ƙasa sai ƙarfen ya gangaro gaba. Ɗalibi ko ma'aikacin da ya yi biris da waɗannan, ɗayan biyu ne: ko dai ya ji wa kansa ciwon da zai hana shi riƙe alƙalami na makonni, ko kuwa ya yi fushi ya bar motsa jikin gaba ɗaya.

Asalin wannan riƙo

An sa ɗaga nauyi cikin wasannin Olamfik na zamani tun daga na farko, wanda aka yi a Atina ta ƙasar Girka a 1896. Daga 1928 zuwa 1972 iri uku ake gasa a kansu. Bayan wasannin Munik na 1972 aka soke ɗaya, watau tura ƙarfe sama da ƙarfin hannu zalla, saura biyu. Na farko shi ne a fizgi sandar daga ƙasa zuwa saman kai a tashi ɗaya. Na biyu shi ne a ɗauko ta a tare ta a kafaɗa cikin tsuguno, a miƙe, kana a cilla ta sama. Daga wannan na biyun ne riƙon da ake magana a kansa ya samo muhimmancinsa, gama ba mai iya cilla abin da bai tare ba.

Sandar maza kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2, kaurinta milimita 28. Ta mata kilo 15 ce, kaurinta milimita 25. A wasannin Seoul na 1988, Naim Sulaimanoglu na Turkiyya, wanda yake gasa a ajin kilo 60, ya tare kilo 190 a kafaɗa ya kai shi sama, watau fiye da ninki uku na nauyin jikinsa. A 2021 kuma, a birnin Tashkent, Lasha Talakhadze na ƙasar Jojiya ya ɗaga kilo 267 ta wannan hanya. Sa'ad da aka fara gasar mata a Olamfik, a Sidni a shekarar 2000, Ruth Ogbeifo ta Nijeriya ta ci lambar azurfa a ajin kilo 75. Duk mai hankali ya san babu wuyan hannun ɗan Adam da zai iya tallabe kilo 267 yana lanƙwashe. Ashe ke nan wani abu dabam ne yake ɗauke da nauyin.

Yadda kanta take samuwa

Mai tallan da ta aza tire a ka ba da hannu take ɗaukarsa ba. Nauyin yana bi ta gammo ne ya sauka a ƙashin baya har zuwa tafin ƙafa, hannu kuwa in ma ta sa shi, don kada tiren ya karkace ne kawai. Haka abin yake a tsugunon gaba. Idan mutum ya turo kafaɗunsa gaba kaɗan, ya ɗan ɗaga su, ya kuma ɗaga gwiwoyin hannunsa har damatsansa suka kusa miƙewa daidai da shimfiɗar ƙasa, sai tsokar gaban kafaɗa ta kumburo, wani ɗan kwari ya samu tsakaninta da wuya. Cikin wannan kwari sandar take kwanciya. Aikin yatsu shi ne tsaro kurum.

Sharaɗi na biyu shi ne sandar ta kasance a saitin tsakiyar tafin ƙafa tun daga sauka har miƙewa. Wanda ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa ya san bambancin riƙe shi a jikinsa da miƙa hannu da shi: ruwan bai ƙaru ba, amma wahalar ta ninka. Duk tazarar da ƙarfe ya yi gaba daga wannan saiti, baya ne da wuyan hannu suke biyan kuɗinta. Saboda haka dole ƙirji ya tsaya a miƙe fiye da yadda ake bukata a tsugunon baya.

Wuraren da matsalar take fitowa

Na farko shi ne wuyan hannu, wanda ƙananan ƙasusuwa takwas suka haɗu suka yi. A yawancin mutane yakan lanƙwasa baya kimanin digiri 70. Shi ne ya fi yin kuka, amma sau da yawa laifin ba nasa ba ne. Mai koyo yakan damƙe sandar da dukan tafin hannunsa kamar mai riƙe da ƙotar fartanya, sai gwiwar hannu ta faɗi, sandar ta tashi daga kafaɗa ta koma kan hannu.

Na biyu shi ne kafaɗa. Akwai wata faffaɗar tsoka da ta taso daga ƙasan baya ta bi ta hammata ta kama saman ƙashin damtse, aikinta jawo hannu ƙasa da murɗa shi ciki. Har wa yau, tsokar bayan damtse tana da rassa uku, ɗaya daga ciki, mafi tsawo, ya ƙetare gaɓar kafaɗa ya kama allon kafaɗa. Riƙon gaba yana bukatar a ɗaga damtse, a murɗa shi waje, a kuma naɗe gwiwar hannu, duk a lokaci guda. In waɗannan tsokoki biyu suka ƙi saki, gwiwar hannu ba za ta hau ba kome ƙoƙarin mutum.

Na uku shi ne saman baya, inda ƙasusuwa 12 na tsakiyar gadon baya suke haɗe da haƙarƙari. Wanda ya saba yini a sunkuye a kan tebur, ko ɗalibi ne a laburare ko akawu a ofis, yakan iske wannan wuri ba ya son miƙewa. In kuwa saman baya ya ranƙwafa, kantar ta karkace ke nan, abin da ke kanta kuma sai ya nemi hanyar ƙasa.

Na huɗu, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne idon sawu. Domin ƙirji ya tsaya a miƙe cikin tsuguno, tilas gwiwoyi su wuce gaba sosai, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai idon sawu ya lanƙwasa. In ya ƙage, ƙugu yakan ja baya, ƙirji ya rusuna, gwiwar hannu ta faɗi, daga ƙarshe wuyan hannu ya ɗauki zafin. Wannan ne ya sa takalman masu ɗaga ƙarfe suke da dunduniya mai tauri mai tudun kusan santimita 2.

Na biyar halitta ce. Wanda sangalin hannunsa ya yi tsawo, damtsensa kuma gajere ne, in ya naɗe hannu sai tafinsa ya zarce kafaɗa. Haka kuma mai ƙaton ƙwanji, naman yakan tare shi kafin hannun ya gama naɗewa. Ba a sake tsawon ƙashi, sai dai a sake yadda ake riƙo.

Yadda za a gane inda laifin yake

Kafin a nemi magani sai a san cutar. Gwaji na farko: a aza sanda marar faifai a kafaɗa, a miƙe hannaye biyu gaba ba tare da an taɓa ta ba. In ta zauna, to akwai kanta, matsalar tana ga yadda ake sa hannu. In ta gangaro, mutum bai koyi turo kafaɗa ba tukuna.

Gwaji na biyu: a tsuguna a haka. Wanda sandarsa ta zauna yana tsaye amma ta gudu da ya yi ƙasa, sai ya tuhumi idon sawu ko saman baya. Don a raba gardama, sai ya tsaya gaban bango, babban yatsan ƙafarsa ya ba bangon tazarar kimanin santimita 10, ya gwada taɓa bangon da gwiwa ba tare da dunduniya ta tashi ba. In ya kasa, an kama ɓarawo.

Gwaji na uku: ya durƙusa gaban benci, ya aza gwiwoyin hannu a kai, yana riƙe da sanda tafin hannu na kallonsa, sa'an nan ya saki ƙirjinsa ƙasa. Inda ya ji ja mai tsanani, ko a hammata ko a bayan damtse, nan ne aikin yake.

Hanyoyin gyara

Abu na farko, kuma mafi sauƙi, shi ne a saki damƙa. Yatsu biyu ko uku a ƙarƙashin sanda sun isa. Na biyu, a buɗa hannaye su ɗan wuce faɗin kafaɗa. Wannan yakan taimaki mai dogon sangali ƙwarai. Na uku, a riƙa tura gwiwoyin hannu sama musamman a lokacin tasowa, domin a nan ne suka fi son faɗuwa. A dokar gasa ma, in gwiwar hannu ko damtse ya taɓa cinya ko gwiwa sa'ad da ake tare ƙarfe, alƙalai sukan soke ɗagawar, kuma ta nan ne wuyan hannu yakan gamu da mummunan rauni.

Wanda har yanzu bai iya ba, kada ya dakatar da horon ƙafafunsa yana jira. Yana iya ɗaura madauri biyu a jikin sandar ya riƙe su kamar linzami, ko kuwa ya gitta hannayensa a ƙirji ya dafe sandar ta sama. Sai dai gittawar ba ta da amfani ga mai niyyar shiga gasa, tun da ba a tare ƙarfe da ita.

Game da sassauta jiki kuwa, gwaje-gwajen nan na bango da na benci su ne kuma maganin, in ana tsayawa a cikinsu kamar daƙiƙa 30, sau biyu ko uku, kafin a fara horo. Bayan haka sai a ɗauki sanda marar nauyi a tsaya da ita a kanta, domin jiki ya saba da wurin da aka buɗe masa. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a mako. Sannu ba ta hana zuwa. Masu horarwa kuma sukan taƙaita tsugunon gaba zuwa sau 3 ko 5 a jere, saboda saman baya yakan riga ƙafafu gajiya, kuma in ya gaji riƙon ne yake fara lalacewa.

Alamun da ba a wasa da su

Danna fata da ɗan ja a gindin wuya abu ne da yakan wuce da sabo. Amma manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suna bi ta gefen wuya biyu ne, in sanda ta danne su mutum yakan ji jiri, har ya faɗi. Wanda ya ji haka sai ya ajiye ƙarfe nan take, in ya dawo ya ƙara ɗaga kafaɗa don sandar ta rabu da maƙogwaro. Sagewar ƙaramin yatsa da na kusa da shi alama ce ta matsuwar jijiyar da ke bi ta bayan gwiwar hannu. Sagewar babban yatsa da biyun da ke biye da shi kuwa tana nuna matsi a jijiyar da ke ratsa wuyan hannu. In sagewa ta ƙi wucewa, ko aka ga kumburi, ko zafi mai suka a cikin gaɓa, to maganar ta bar hannun mai horarwa ta koma ta likita. Wajibi ne kuma mai koyo ya san yadda ake tserewa: a tura sandar gaba, a ja jiki baya, a bar ta ta faɗi.

Kammalawa

Mai sauraro yana iya tambaya, me ya sa za a sha wannan wahala alhali ga tsugunon baya? A 2009 wasu masu bincike na Jami'ar Fulorida ta Amurka, Gullett da abokan aikinsa, sun gwada mutum 15 a kan tsugunon iri biyu. Sun gano cewa tsokokin suna aiki kusan daidai wa daida, ko da yake nauyin da ake ɗauka a tsugunon gaba bai kai na baya ba, kuma matsin da ke sauka a gaɓar gwiwa ya fi sauƙi a na gaba. Ga wanda yake neman ƙarfin ƙafa yana kuma tattalin gwiwarsa, wannan riba ce da ta cancanci haƙurin 'yan makonni.

A taƙaice, kafaɗa ce mai ɗaukar kaya, yatsu masu gadi ne. Inda ciwo ya bayyana ba lalle nan ne tushensa ba, don haka sai a bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, daga idon sawu har wuyan hannu, a gyara wadda ta gaza, kana a ƙara faifai a sanda. Wanda ya ƙara nauyi kafin ya gyara riƙo, ya yi gini ne a kan tubalin toka.