Gurnetin Ruɗarwa: Daƙiƙa Biyar Tsakanin Rai da Ajali

Yau batunmu a kan wani makami ne da ba don kisa aka ƙera shi ba, wato gurnetin ruɗarwa, wanda 'yan sanda ke jefawa idan za su kutsa su ceto mutanen da aka yi garkuwa da su.

Shi wannan gurneti ba ya watsa ɓaraguzan ƙarfe kamar na yaƙi. Haske yake fitarwa mai kashe ido, da ƙara mai kai ma'aunin desibel 170. Wanda ya tashi a gabansa zai yi kamar daƙiƙa biyar bai gani ba, kunne ya toshe, jiri ya kwashe shi. To, wannan ɗan taƙin ne jami'ai ke nema, kafin ɗan bindiga ya taɓa kunama.

Duniya ta san shi ne a watan Oktoba na 1977. Mahara huɗu suka karkatar da jirgin Lufthansa daga Sifaniya har zuwa Mogadishu, bayan sun kashe matuƙinsa a Aden. Rundunar 'yan sandan Jamus ta GSG 9 ta afka wa jirgin cikin dare, da taimakon irin wannan gurneti da sojojin SAS na Birtaniya suka kawo. Aka kashe mahara uku, aka kama ɗaya, fasinjoji duka suka fito da rai. Haka ma jandarmomin Faransa na GIGN suka yi amfani da shi a Marseille a Disamban 1994.

Amma fa kada a ce ba ya da illa. A Mayun 1980, lokacin ceto a ofishin jakadancin Iran da ke Landan, wuta ta kama labule, ginin ya ƙone. A 2014 kuma, a jihar Jojiya ta Amurka, an jefa shi cikin wani gida yayin samame, ya faɗa gadon jariri, ya ji masa mummunan rauni. Haske da ƙara ba su san mai laifi da marar laifi ba.

Wani zai ce, to me ya hana a yi amfani da shi a nan yankinmu? Amsar ita ce, ƙarfinsa a rufaffen wuri yake, kamar ɗaki ko jirgi. Masu garkuwa da mutane a dazukan da ke tsakanin Najeriya da Nijar kuwa a fili suke, a warwatse, da masu gadi nesa da kusa. Can, sahihin bayanin sirri da horo su ne gaba da kowane makami. Kuma ko a Mogadishu, sai da aka yi ta jan maharan da zance kafin a kutsa.

Allah ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya mayar da su ga iyalansu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.