Lambada: Ana Rawa, Mai Waƙa Na Kuka



Wanda ya yi wayo a 1989 zai tuna kiɗan Lambada, da ya cika kaset-kaset har a tashoshin mota. Loalwa Braz, 'yar ƙasar Birazil, ita ta rera waƙar tare da ƙungiyar Kaoma. Asalinta kuwa na Los Kjarkas ne, mawaƙan Bolibiya, tun 1981.

To, kun san me take faɗa? Da harshen Fotugal ne, shi ya sa aka yi ta rawa ba a ji ba. Labarin rabuwa ne: wanda ya wulaƙanta masoyinsa, ƙarshe shi ne ya tafi da hawaye, ba abin da ya rage masa sai tuna baya.

Wannan fa ba sai an je Birazil ba. Kai Malam mai kai shanu kasuwar Adumri, da kai Alhaji mai safarar kaya tsakanin Garwa da Yola ko Mubi: wata nawa ka yi ba ka leƙa gida ba? Ba kira, ba aike, ba kuɗin cefane. Mace takan yi haƙuri da nisa, amma shiru ke cinye zuciyarta. Ranar da ka dawo ka tarar ta koma gidan iyayenta, wa za ka zarga?

Waya na aljihunka. Kafin ka kwanta yau, kira gida.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.