Kafin Ka Ɗaga Bulala Kan Yaron Da Ke Tauna Wuyan Rigarsa

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan uwa masu aikin sa kai ya gabatar a zaman matasa na mako-mako, inda ya yi bayani kan sarƙar taunawa da kuma yadda ake zama da masu lalurar jin abu fiye da kima. A sha karatu lafiya.



Zan fara ne da labarin gidanmu. Ina da ƙane wanda tun yana ɗan shekara 5 ba a taɓa ɗinka masa riga ta yi wata guda wuyanta bai tsage ba. Taunawa yake yi. In an hana shi riga ya koma fensir, in an ƙwace fensir ya koma bayan hannunsa har ya yi kanta. An yi duka, an shafa barkono, wasu suka ce iskanci ne, wasu suka ce mutanen ɓoye ne. Ni kaina da nake gabanku na sha tsula masa bulala, Allah ya yafe mini. Sai da ya kai shekara 9 wata likita ta ce mana yana da lalurar da ake kira otizim, wadda gidajen rediyo ke ce wa galahanga, kuma taunar nan ita ce hanyar da yake samun natsuwa.

To, mene ne asalin abin? A shekarar 1943 wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ya rubuta bayanin yara 11 masu wannan lalura, ya kuma lura cewa ƙarar abubuwa tana firgita wasunsu ƙwarai. Daga baya wata masaniya, Jean Ayres, ta fitar da littafi a 1972 kan yadda ƙwaƙwalwa ke tace saƙonnin da ke zuwa mata daga ido, kunne, fata da gaɓoɓi. A 2013 kuma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa wannan matsala ta ji cikin alamomin da ake gane lalurar da su. A kiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2022, kimanin yaro 1 cikin 100 yana da otizim. Ka ga ke nan da wuya a samu unguwar da babu irin yaran nan.

Ka ɗauka, alal misali, kai da shi kuna zaune a wuri guda. Kai kana jin ƙarar janareta kaɗan-kaɗan, ƙwaƙwalwarka ta ture ta gefe kana sauraron karatu. Shi kuwa janareta da lasifika da hasken fitila da ƙaiƙayin riga duk suna afka masa ne lokaci guda, da ƙarfi ɗaya. Wani kuma akasin haka ne, saƙon ba ya isarsa, sai ya nemi ƙari. Idan ya ciji abu, naman muƙamuƙi yana aika saƙo mai ƙarfi iri ɗaya, wanda shi yaron ne yake juya shi yadda yake so, sai hankalinsa ya tattaru wuri guda. Kar mu yi mamaki. Cikinmu nan waye bai taɓa cinye murfin biro a ɗakin jarabawa ba? Ga masu goro, ga masu cingam, ga wanda zai yini da asuwaki a baki. Bambancin kawai shi ne namu sha'awa ce, nasa kuwa buƙata ce.

Saboda haka ne a ƙasashe irin su Amurka da Ingila aka ƙera abin da ake kira sarƙar taunawa. Wani ɗan curi ne na silikon, wato irin robar da ake yin kan bulumbotin jarirai da ita, a rataya shi a wuya da igiya. Akwai mai laushi, akwai matsakaici, akwai mai tauri domin masu cizo da ƙarfi. Akwai na hannu, akwai wanda ake cusawa a kan fensir. An yi shi cikin siffar ado ne da gangan, don saurayi ko babban mutum ya yi amfani da shi cikin jama'a ba tare da an mai da shi abin kallo ba.

Na san wani zai ce, to namiji da sarƙa? Wani kuma ya ce laya ce. Ɗan uwa, ba laya ba ce, babu rubutu ko wani asiri a cikinta, kuma ba don kwalliya ake sa ta ba. Matsayinta ɗaya da tabarau ko sandar makaho. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da na wuyan ba, ga na kan fensir nan. Sannan kar a ɗauka magani ce. Ba ta warkar da lalurar, abin da take yi shi ne ta raba haƙori da riga, da fata, da abubuwa masu cutarwa.

Amma fa akwai sharuɗɗa, kuma nan ne nake son a buɗe kunne da kyau, domin magana ce ta rai. A watan Disamba na 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan irin waɗannan sarƙoƙi, bayan rahoton wani yaro ɗan wata 18 da sarƙar duwatsu ta shaƙe shi yana barci ya rasu, da wani ɗan wata 7 da ƙwayar awarwaron katako ta maƙale masa a maƙogwaro. Kafin nan, a 2006, a jihar Minesota, wani yaro ɗan shekara 4 ya rasu bayan ya haɗiye wani ɗan abin ado na ƙarfe wanda kusan dukkansa dalma ce. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Don haka, na farko, kar a ɗauko kowace roba ko ƙarfe mai fenti daga kasuwa a ba yaro. Na biyu, ban da mai duwatsu ko ƙananan ƙwayoyi kamar carbi. Na uku, igiyar ta zama mai maɓallin da ke ɓallewa da kansa in an fizge ta. Na huɗu, a cire ta lokacin barci, kuma ba a rataya wa jariri. Na biyar, a wanke da sabulu kullum, a duba, da zarar ta fara tsagewa a jefar. In kuma yaro ba taunawa kawai yake yi ba, haɗiye ƙasa ko takarda ko gawayi yake yi, to wannan sai asibiti, don yana iya zama alamar ƙarancin jini. In ba a samu sarƙar ba, karas ko rake a lokacin da ya dace, da babba a kusa, suna rage wa yaron da ya yi wayo wannan ƙishirwa.

Taunawa kuma ɓangare ɗaya ce kawai. A Ingila, daga 2018, wasu manyan kantuna sun ware sa'a guda a mako da ake kashe kiɗa a rage haske domin irin mutanen nan. Mu abin da za mu iya bai ma kai haka tsada ba. Kar ka zaunar da shi gindin lasifika, ka ba shi gefe kusa da ƙofa. In ya toshe kunne, kar ka fizge hannunsa. Kar ka dafa shi ta baya ba zato. In za a canza wuri ko lokaci, ka gaya masa tun da wuri. In abin ya yi masa yawa ya fara kuka, ka fitar da shi wurin da babu hayaniya, ka rage magana. Sannan ka tsawata wa yaran da ke tsokanarsa.

Ƙanen nawa yanzu shekararsa 14. Yana da tasa a cikin riga, in hayaniya ta yi yawa ya ciro ta, ya zauna a yi karatu da shi har a tashi. Kantar hannun nan ta baje. Abin da yake damuna har gobe shi ne shekaru 4 ɗin nan da muka yi muna dukansa a kan abin da ba shi da iko a kai.

Da yawanku ku ne yayye a gida, ku ne kuma kuke riƙe da aji a Islamiyya. Bulalar tana hannunku. Kafin ka ɗaga ta, ka tsaya ka duba me ke damun yaron nan.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, kuskuren da ke ciki kuma nawa ne, Allah ya yafe.