In An Miƙa Mana Magana Ba Shiri A Wurin Biki

Karatu: Nehemiya 2:1-8, Yohanna 2:1-11



Da yawanmu mun san wannan sa'a. An ɗaura aure a majami'a, an koma wurin liyafa, muna zaune a ƙarƙashin rumfa hankali kwance. Sai wani ya zo ya raɗa mana a kunne cewa kawun amarya da zai yi jawabi bai iso ba, mota ta lalace a hanya, mu ne za mu tsaya a madadinsa. Nan take gaba ya faɗi, baki ya bushe. Me za mu ce?

Kada mu ɗauki abin da wasa. Magana zarar bunu ce. Mun taɓa halartar wani biki inda aka kira wani dattijo ba shiri. Don ya ba mutane dariya, sai ya shiga lissafa samarin da suka nemi amarya kafin ango. Jama'a suka yi ta shewa, amarya kuwa ta sunkuyar da kai tana hawaye, dangin ango suka ɓata fuska. An watse, an manta da shinkafar da aka ci, amma maganar nan ta bi yaran har cikin ɗakinsu.

Mu dubi Nehemiya. Shi mai shayar da sarki Artashate ne. Wata rana sarki ya ga fuskarsa ba walwala, ya tambaye shi abin da yake bukata. Ba lokacin komawa gida a yi shawara. Littafi Mai Tsarki ya nuna mana cewa tsakanin tambayar sarki da amsarsa, Nehemiya ya yi addu'a ga Allah na Sama. Addu'ar gajeriya ce, babu durƙuso, babu rufe ƙofa. Mu ma muna da wannan zarafi tsakanin kujerarmu da gaban taro.

Amma mu lura da wani abu. Tun watan Kisle Nehemiya yake azumi da addu'a saboda Urushalima, sarki kuwa ya tambaye shi a watan Nisan, wato bayan kamar wata 4. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gajeriyar addu'ar tana tsaye a kan doguwar da ta riga ta. Yesu ma ya koya mana a Luka 6:45 cewa baki yana ɗebowa ne daga abin da aka tara a zuciya. In Maganar Allah ce muka tara, ita za ta fito ranar da aka kira mu ba shiri. In gulma da ba'a ne, su za su fito, ko da muna sanye da babbar riga.

To, in mun tsaya, yaya za mu yi?

Na fari, mu gode wa Allah, mu gaida iyayen ango da na amarya baki ɗaya. Kada mu ɗaga wani gida mu ƙasƙantar da wani saboda sadaki, ko arziki, ko kabila.

Na biyu, mu faɗi abu ɗaya mai kyau, na gaskiya, da muka sani game da yaran nan. Watakila amarya ta yi jinyar kakarta da aminci, watakila ango ba ya fashin aikin matasa. Kada mu ƙaga yabo, kada mu tona asiri. Mu kuma yi hattara da al'adar nan ta cewa bayan wata 9 za mu dawo suna. 'Ya'ya kyauta ce daga Ubangiji, shi ke da lokaci. A cikin taron akwai wadda ta shekara 10 tana jira, ita kaɗai ta san yadda wannan wasa yake sukar ta.

Na uku, mu nuna musu Yesu, mu zauna. A bikin Kana ta Galili, da ruwan inabi ya ƙare, Maryamu ba ta yi dogon jawabi ba. Ta dai gaya wa ma'aikata su bi umarnin Yesu. Suka cika tuluna 6 na dutse da ruwa, Ubangiji kuwa ya rufa wa gidan asiri. Kowane aure yana da ranar da ruwan inabi zai ƙare: ranar rashin kuɗi, ranar ciwo, ranar da haƙuri ya kusa ƙarewa. Gargaɗin da zai amfane su a ranar shi ne su koma ga Yesu, su yi abin da ya ce. Minti 3 sun ishe mu faɗin haka.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, ka cika zukatanmu da Maganarka tun yau. Sa'ad da aka kira mu ba shiri, ka tsare harshenmu, ka sa bakinmu ya gina sabon gida, kada ya rushe shi. Ka albarkaci dukan waɗanda suke shirin aure a ikilisiyoyinmu. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.