Ƙwaron Hatsi da Jarinmu: Jawabin Masu Awo a Ranar Zagayowar Ƙungiya

Hajiya shugaba, iyayenmu mata, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, 'yan'uwa mata, barkanmu da ganin wannan rana. Mu masu awo a kasuwa aka ce mu yi magana a kan abin da ya fi ci mana jari. To, ba haraji ba ne, ba kuma bashi ba. Ɗan ƙwaron nan ne mai dogon baki da ke shiga shinkafa, masara, dawa da alkama.

Duk mun san shi, ja-ja ne ko baƙi-baƙi, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Amma yadda yake haihuwa ne ya kamata mu gane. Macen takan huda ƙwayar hatsi da bakinta, ta saka ƙwai ɗaya a ciki, ta liƙe ramin yadda ido ba ya gani. Ƙwan ya zama tsutsa, tsutsar ta yi ta ci daga ciki. A lokacin zafi, wajen wata guda ya ishe ta zama cikakken ƙwaro, ta fasa ta fito. Uwa ɗaya kan rayu wata 4 zuwa 5, tana iya saka ƙwai 300 ko fiye. Kun ga kenan, ranar da muka ga rami da gari a gindin buhu, ɓarna ta daɗe da farawa. Kuma yana tashi sama, tun a gona yake kama hatsi kafin girbi. Shi ya sa buhun da muka sayo da kaka, fes a ido, zuwa bazara sai ya yi sakayau, mai saye ya damƙa ya sansana ya wuce.

Tunda ƙwan yana ciki tun farko, tankaɗe da sheƙa ba sa gama da shi. Abu biyu yake buƙata: danshi da iska. In muka hana shi waɗannan, mun gama.

Na farko, shanya. Kada hatsi ya shiga ɗaki sai ya bushe ƙayau. Masana sun ce danshinsa kada ya wuce kashi 13 cikin ɗari. Mu ba mu da na'ura, amma muna da gishiri. A samu busasshiyar kwalba, a zuba hatsi da busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a ɗan jira. In gishiri ya manne a jikin kwalba, a mayar da hatsi rana.

Na biyu, toshe iska. Akwai buhun PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a Najeriya da Nijar daga 2007 don ajiyar wake. Yanzu har masara da shinkafa ana sa masa. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhu a waje. A duba ko ledar ta huje, a zuba hatsi, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye ɗan iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. Jarka ko ganga mai murfi ma haka take aiki, in an cika ta taf. Sharaɗi ɗaya ne: ba a buɗewa kullum don ɗiban na tuwo, kuma a tsare shi daga ɓera.

Sai tsabta. A share ɗakin ajiya, a toshe tsagar bango, a ɗora buhuna a kan katako. Kada a haɗa sabon hatsi da tsoho, ko a zuba shi a tsohon buhun da ƙwari suka zauna. Ganyen darbejiya, barkono da toka na iyayenmu suna taimakawa a ƙaramar ajiya, amma ba sa riƙe buhu goma.

Yanzu maganar da ta fi nauyi. Don Allah 'yan'uwa, mu rabu da yayyafa fiya-fiya a abinci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda irin wannan guba da aka samu a cikinsa. Abin da Bature ya ƙi ci, shi za mu auna wa maƙwabciya ta dafa wa 'ya'yanta? Ƙwayar gas ɗin nan kuma da ake jefawa a buhu, iskarta na kashe mutum. Aikin waɗanda aka horar ne, ba ta shiga ɗakin da ake kwana. Mu da muka fara karatu, mu riƙa karanta abin da ke jikin kwalba, mu karanta wa waɗanda ba su iya ba.

Roƙonmu ga shugabanni shi ne, kafin kaka mai zuwa a ware wani abu daga asusu a sayo buhunan nan a sari, kowace mace ta biya kaɗan-kaɗan kamar zubin adashi. Wadda ta iya riƙe hatsinta lafiya zuwa damina, ita ke sayarwa da daraja, kuma ba ta cuci kowa ba.

Allah ya sa albarka a sana'armu, ya ƙara haɗa kanmu, ya kai mu baɗi lafiya. Wassalamu alaikum.