Idan Ciwon Ya Dawo: Jawabin Ranar Cikar Ƙungiya Shekara

Iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu, da mazajenmu da suka daure suka zo. Allah Ya maimaita mana.

Yau ranar murna ce, amma akwai maganar da muke yi ƙasa-ƙasa a rumfuna, gara a yi ta a fili. Ciwon dajin nono ya taɓa shiga wannan ƙungiya, mun yi jinya, mun yi barka. To yanzu ya dawo wa ɗaya daga cikinmu. Ta yarda a yi maganar, ban da sunanta.

Abin da likitoci suka fahimtar da mu, dawowar iri uku ce. Wani ya kan dawo inda aka yi aikin. Wani ya fito a kaluluwar hammata ko ta wuya. Wani kuma ya tafi ƙashi, ko huhu, ko hanta. Na farko da na biyu ana iya neman warkewa da tiyata, da gashi, da kemo, wato maganin nan na ƙarin ruwa. Na ukun kuwa yawanci riƙe shi ake yi, a rage ciwo, a ja kwana, kuma akwai matan da ke shekaru a haka suna harkokinsu. Shi ya sa ake so a sake ɗibar tsokar a auna, don ciwon kan canja hali, maganin da ya yi aiki da farko ba lallai shi za a maimaita ba.

Ajin yaƙi da jahilci ya yi mana rana a nan. Da, kai kawai muke gyaɗawa gaban likita. Yanzu da takarda muke shiga. Ina ya kai? Wannan maganin na warkarwa ne ko na riƙewa? Zagaye nawa, nawa ne kuɗin kowane zagaye? In ba a yi ba, me zai faru? Mu da ba mu sayen atamfa sai mun warware ta mun duba, yaya za mu karɓi magani ido rufe?

Batun tafiya ya yi sauƙi. A da, in an ce gashi, sai Shika ta Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja, ga kuɗin mota ga na masauki. A 2025 an buɗe cibiyar kula da ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina. Amma kuɗin magani na nan da nauyinsa, ya kan cinye jarin mace kaf.

Sai kuma mu masu zuwa dubiya. Kowa da shawararsa: wannan ta ce a koma na gargajiya, waccan ta ce kemo ke kashewa. Don Allah mu sassauta. Addu'a ba ta hana asibiti, kuma duk jiƙon da za a sha a fara gaya wa likita. Mai jikin ita ta san amai da zubewar gashi, ita za ta yanke. In ta ce za ta sake, mu raka ta. In ta saurari likita ta zaɓi maganin rage ciwo kawai, ba butulci ta yi ba, mu raka ta. Iyayen gida, sa hannu da kuɗi naku ne, amma a tambaye ta tukuna.

Ga roƙonmu uku ga wannan taro. A ware wani abu cikin zubin kowane mako ya zama asusun jinya. A tsara masu tsare wa maras lafiya rumfa ranar asibiti, kada masu saye su watse. A kuma samu mai karatu ɗaya da za ta riƙa shiga da ita wajen likita tana rubutawa.

Wadda kuma aka taɓa yi wa aiki, in kin ji sabon ƙullutu, ko ciwon ƙashi da ya ƙi tafiya, ko tari mai naci, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki koma.

Bayan an ci abinci ma'aji za ta kawo littafi, a tsayar da nawa za a riƙa cirewa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.